Ƙwallon da Bagirke Ya Mayar Mini

Bari in fara da wautata, tunda ita ce kaɗai abin da ba a taɓa ja da ni a kansa ba a Gumel. Ranar da taubashina ya rasu, maƙwabcinsa ya zo ya gaya mini, ni kuwa na fashe da dariya. Na ce ya koma ya ce masa ƙarya yake, Nasara ba ya mutuwa ranar Alhamis ana cin kasuwar Maigatari. Ba duka laifina ba ne. Sau biyu ya taɓa aiko mini da labarin mutuwarsa, in zo ina haki in tarar da shi a zaure yana kurɓar gahawa, ya ce so yake ya ga ko zan yi kuka. Don haka na shanye kokona a tsanake, na gyara zaman hula, na tari mai keke. Ina sa ƙafa a zaure na ɗaga murya na ce, "Ina gawar? A fito da ita in duba haƙoranta!"

Sai na ga liman a zaune. Sai na ji ƙamshin turare da ƙarar ruwa daga cikin gida. Babban ɗansa ya taso ya kama hannuna ya ce, "Baba, wannan karon da gaske ne."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san sa'ad da na zauna a kan takalman mutane ba.

An kai shi kafin azahar. Jama'a ta yi yawa fiye da yadda na zata. Masu riɗi da zoɓo sun bar buhunansu a Maigatari sun zo, saboda shekara da shekaru shi ke yi musu awo a sikeli. Dangin uwa sun zo daga Gagarawa Tasha cike da mota. Washegari kuma sai ga wasu dattawa biyu daga Kaduna, ɗaya da sanda, ɗaya ba ya gani sosai, suka ce tare suka yi ƙwallo da shi a ƙungiyar wani kamfanin saƙa. Mai sandar ya gaisa da mutane, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ni a tsakiya nake wasa. Duk shekarun da muka yi ban taɓa waiwayawa ba, don na san wanda ke bayana."

Mutanenmu suka ce Allah sarki. Sai wani tsohon tela ya ce, "Allah dai ya jiƙan Ci-gida."

Baƙon ya ce, "Wane ne Ci-gida?"

Duk zauren ya juyo ya dube ni, don kowa ya san ba mai iya ba da wannan labari kamar ni. Shekara kusan hamsin ina ba da shi, a wurin suna, a majalisa, a cikin mota. Na ce maƙogwarona yana ciwo.

Da la'asar babban ɗan ya ja ni gefe ya nuna mini waya. Samarin gidan kallon ƙwallo sun samo tsohon hotonsa da jesi, sun baza, sun rubuta cewa dattijon da ya sayar da wasan Gumel ya rasu, Allah ya yafe masa. Ɗan nan nasa mutum ne mai furfura, malamin makaranta. Ya ce, "Baba, tun muna firamare ake ce mana 'ya'yan Ci-gida. Shi bai taɓa ce mana komai ba. Kai kana cikin raga ranar. Da gaske ya sayar?" Na ce masa ya bari a yi sadakar uku tukuna.

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki biro, ni da na bar makaranta a aji uku saboda ni da malamin lissafi ba ma ga maciji. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Ɗan goggona ne, ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a wasanmu na taubasai ni ne ubangida, ko da ya ba ni shekara bakwai. Ubansa Bature ne mutumin Girka, mai sayen gyaɗa da fata a Gagarawa Tasha zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa ya yi lodi. Ya musulunta a hannun limamin Tasha ya auri goggo. Ko har zuci ne, Allah ne masani, amma babana ya ce mutum ne mai cika magana. Ya tafi da ita ƙasarsu, wani gari a bakin teku, a can aka haifi taubashina. Uban ya rasu yana ɗan shekara tara, goggo ta ce ba za ta tsufa a inda ba a san dawa ba, ta tattaro ɗanta suka dawo. Ya iso ba Hausa a bakinsa, ja kamar manja, gashi kamar gezar masara, da ƙwallon fata a hammata. Sunan Bagirke ya bi shi tun daga ranar. Ni nakan ce masa Nasara in ina son ya yi fushi.

Mu a lokacin tsumma muke ɗaurewa mu bi shi duu kamar kaji an watsa tsaba. Shi kaɗai yake tsayawa a baya. An ce da farko an ɗauka tsoro yake ji. Ashe jira yake. Duk wanda ya kufce da ƙwallo sai ya tarar da shi a gaba, ya karɓe ba tare da ya taɓa mutum ba. Da haka wani malami ya kai shi Kano, daga Kano aka ɗauke shi Kaduna. Goggo har ta rasu ba ta yarda cewa ana biyan mutum albashi don ya hana wasu wucewa ba. Takan ce, "Ai wannan aikin maigadi ne, a ba shi sanda mana."

Lamba biyar yake sawa. Sau ɗaya aka kira shi gwajin ƙungiyar ƙasa, sai aka nemi takardar haihuwa, ya kawo tasa da rubutun Girkawa, wanda ya yi kama da sawun kaza a kan rairayi. Aka rasa mai karantawa, aka ce ya je ya dawo. Kafin ya dawo an rufe suna. Bai taɓa kukan wannan ba. Da na tsokane shi sai ya ce, "Su suka yi asara, ni na huta da sanyin jirgi."

Halinsa na fili bai bar shi a gida ba. In za mu ɗaurin aure, shi ne na ƙarshen shiga mota, sai ya tabbata ba a bar kowa ba. In ana tafiya a ƙasa yana can baya, hannu a goye. Yakan ce, "Ɗan baya ba a tafa masa. In an tashi wasa ba wanda ya ambaci sunanka, to ka yi aiki." Yakan kuma ce kada ka kalli ƙwallo, ka kalli ƙugun mutum, ƙafa tana ƙarya amma ƙugu ba ya yi. Da wannan yake gane mai son yi masa wayo a bakin sikeli. Tuwon dawa kuwa sai ya tsiyaya masa man zaitun, abin da mu muke shafa wa ciwon gwiwa. Yaren ubansa ya zube masa sai ɗan abin da yake gunaguni da shi in na kai shi bango. In ce, "Zagina kake, bawa?" Ya ce, "Addu'a nake maka, ubangida. Can ƙasar haka ake yin ta, da cije haƙori."

To, ga labarin, yadda ban taɓa ba da shi ba.

Wata ƙaramar salla ya zo hutu daga Kaduna, ya tarar an shirya mana wasa a Maigatari da samarin tsallaken iyaka, mutanen Faransa kamar yadda muke ce musu a lokacin. Sun ci mu sau biyu a jere, har direbobinsu na yi mana waƙa a tasha, wai ba mu iya balo ba, wato ƙwallo a bakinsu. Muka je muka roƙe shi. Ya ce kamfaninsu ya hana su wasan gari. Muka sa goggo a gaba, ya yarda. Ni ne gola. Ba don na iya ba, don ba na son gudu ne, kuma ni kaɗai ke da rigar sanyi mai dogon hannu.

Kafin a fara ya ja ni bayan raga mu biyu. Ya ce, "Ɗan kawu, saurara. In sun matse ni, zan ɗaga hannun hagu. Ka gan shi, to kai zan mayar wa ƙwallo. Ka fito gefen turken raga na dama ka ɗauke ta da hannu." Na ce, "Ka bugo mini? Ni da nake naka?" Ya ce haka ake yi a babban wasa. Ya maimaita mini sau uku, har ya sa na faɗa da bakina. Na faɗa.

A lokacin ba wanda ya taɓa ganin haka a ƙasarmu. Mu abin da muka sani, ƙwallo gaba ake buga ta. In ta zo kusa da gidanku ka ɗaga ta sama iya ƙarfinka, in ta faɗa gonar wani ma a tafa maka. Mutum ya juya ya fuskanci ragarsu, wannan ko mahaukaci ba ya yi.

Wasa ya yi wasa. Ba su ci ba, ba mu ci ba. Bagirke ya tsare su kamar an gina katanga, har na ga ba ni da aiki. Na jingina da turken hagu. A nan kusa kuwa akwai wata yarinya mai tallan gyaɗa, 'yar garin Sule Tankarkar, da na jima ina neman hanyar yi mata magana. Na fara tambayarta ko gyaɗar tana da gishiri. Saura kaɗan alƙali ya busa tashi, mutum biyu suka rufe shi. Ya ɗaga hannun hagu. An ce ya ɗaga har sama. Ni ina tauna gyaɗa. Da na juyo sai na ga ƙwallo tana gangarowa a hankali, a hankali, kamar tsohuwa za ta unguwa, ta bi ta gefen turken dama, daidai inda ya ce in tsaya, ta shige.

Fili ya yi tsit. A cikin wannan shirun na ga mutum ɗari-ɗari suna neman wanda za su kama. Sai na ɗora hannu a ka na kurma ihu, "Wayyo! Ya sayar da mu!"

Ni na fara faɗa. Ba wani ba.

Nan take fili ya ɗauka. Wani ya ce dama jinin Nasara ne, wani ya ce Faransawa 'yan uwan ubansa ne. Aka fara jifa. Shi kuwa yana tsaye ya riƙe ƙugu, ni yake kallo. Wani direban babbar mota ne ya tura shi gaban mota ya fita da shi. Washegari ya koma Kaduna. Mai gyaɗar nan ita ce uwar 'ya'yana yau, kuma har yanzu tana cewa ba ta taɓa ganin golan da ya kai ni sakarci ba. Ita ma ba ta san da maganar hannun hagu ba.

Daga baya zafin ya huce, abin ya zama na dariya, kuma ni na mayar da shi haka. Ni na raɗa masa Ci-gida. Na iya kwaikwayon yadda ya juya, da yadda ƙwallon ta gangaro. Wasan taubasai ya ba ni rumfa: duk abin da na faɗa a kansa, sai a ce ai taubashinsa ne. Sau da yawa yana zaune nake bayarwa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙara gishiri, Gola, na jiya ya fi daɗi."

Sau ɗaya tak muka yi faɗa na gaske. Bayan gwiwarsa ta lalace ya dawo gida, samarin gari suka kafa ƙungiya, ana neman mai koyarwa. Ya sa rigarsa mai kyau ya zo taron da wani littafi da ya zana fili a ciki, da ɗigo-ɗigo da kibau. Ban taɓa ganin yana son abu kamar wannan ba. Wani daga cikin manya ya ce, "Anya za mu ba wanda ya sayar da mu?" Wani ya ce a tambayi Gola, shi ne shaida. Taubashina ya dube ni, irin kallon nan na Maigatari. Kalma biyar ta ishe ni in wanke shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ku ba shi mana, in kuna son a riƙa cin ku ba sai baƙi sun wahala ba." Aka kwashe da dariya har da masu buga ƙafa. Ya rufe littafinsa ya sa a aljihu ya fita. Aka ba wani malamin motsa jiki da bai san inda lamba biyar ke tsayawa ba.

Tun daga ranar bai ƙara zuwa bakin fili ba. Ya kama aikin sikeli. Ni kuma ya daina yi mini magana. In na ce "Nasara" sai ya ce "Sannu, Malam," ya wuce. Wallahi da ya mare ni ya fi mini sauƙi. Taubashinka ya kira ka Malam, ai an gama da kai.

Haka muka yi wata biyar. Da damina ta faɗi na faɗo daga kan amalanke na karya ƙafa, ga gero ya fito a gonata ta wajen Sule Tankarkar, ciyawa ta taso masa, 'ya'yana ƙanana. Ina kwance an ɗaure ni da karare, sai maiɗakina ta shigo ta ce an ga mutum a gonarmu tun sassafe. Kwana shida yana zuwa a kan keke, da gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa, yana noma a tsaye yana jan ƙafa. Rana ta bakwai ya shigo ɗakina duk ƙasa, bayan wuyansa ya ƙone ya yi jawur. Ya dubi ƙafar ya ce, "Da ka tsaya inda aka ce ka tsaya a kan amalanken, da ba ka faɗo ba." Na ce, "Bawa ya yi wa ubangidansa noma, mene ne abin labari?" Ya yi dariya har ya zauna. Muka shirya.

Na san ƙofa ya buɗe mini ranar. Na gan ta sarai, na bi ta gefenta da wasa.

Bayan shekaru talabijin ta zo, gidajen kallo suka cika gari, kowane yaro ya ga 'yan baya suna mayar wa gola ƙwallo sau goma a wasa ɗaya. Na zaci mutane za su tuna su ce ashe. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Sunan ya riga ya zauna, yawancin masu faɗarsa ma ba a haife su ba ranar. Ni kuma kullum sai in ce gobe.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha an raba waina, na miƙe da sandata. Na ce jama'a a saurare ni. Na faɗi komai: bayan raga, hannun hagu, turken dama, gyaɗa, ihun da na yi. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Ina kaiwa wajen gyaɗar sai na ji an fara ƙyalƙyalawa. Kafin in gama zaure ya ɗauka. Tsohon telan nan yana share hawaye yana cewa, "Kai Gola, Allah ya shirye ka! Ko a makoki ba za ka bar shi ya huta ba?" Liman ya ce, "Taubashi ke nan, yana son ya ɗauke wa ɗan'uwansa kaya. Allah ya ba ka lada." Na rantse. Suka ƙara dariya. Mutumin da ya shekara hamsin yana ƙarya don a yi dariya, ranar da ya faɗi gaskiya ma dariyar ya samu.

Mutum biyu ne ba su yi ba. Dattijon Kaduna mai sanda ya gyaɗa kai ya ce, "Hannun hagu. Haka yake yi wa golanmu." Ba wanda ya ji shi sai na kusa. Babban ɗan kuma ya tashi ya shige cikin gida bai dube ni ba. Har yau in mun haɗu yana gaishe ni, yana rusunawa kamar da. Amma ya daina zama.

Shi ya sa na rubuta. Takarda ba ta da fuskata, wataƙila a yarda da ita. Ku samarin waya, ku gyara abin da kuka baza. Taubashina bai sayar da kowa ba. Ƙwallo ya ba ɗan kawunsa amana, ɗan kawun yana cin gyaɗa. Ɗan baya ne da manyan garuruwa suka san darajarsa, garinsu kuma ya hana shi koya wa yara abin da ya sani saboda bakina. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan. Ni kuma ku roƙa mini, don ina da buƙata fiye da shi.

Da jama'a suka watse a ranar, na yi sallama a ƙofar ɗakin maiɗakinsa, tana takaba. Da can da wasa nake shiga, in ce mata, "Matata, ina tuwona?" Ranar na tsaya a bakin labule. Na ce, "Hajiya, ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya, Gola." Na fara jero mata abin da na faɗa a zaure, sai ta katse ni.

"Na sani. Ya gaya mini tun kafin a kawo ni gidan nan. Na ce don me ba zai faɗa ba? Ya ce shi yana da Kaduna da zai koma, kai kuwa a garin nan za ka nemi aure. Bayan taron nan na masu ƙwallo na ce to yanzu fa? Ya ce a bar ka, za ka faɗa da kanka, ba ka shirya ba ne."

Na ce, "Ai na faɗa yau, Hajiya. A gaban kowa."

Na ji ƙarar carbinta ta tsaya a bayan labule.

Ta ce, "Duk Juma'a kana cin tuwo da shi a kwano ɗaya. Sai da ka tabbata ba zai ji ba?"